"Wannan bai gama ba": yadda ake kallon zanen mutum a zauren baje koli

Baffana tela ne, ya fi shekara 30 yana ɗinkin babbar riga. Wata rana ya raka ni kallon baje kolin zane-zanen wasu ɗalibai masu kammala karatu. Zanen da ya fara tsayar da shi na wata tsohuwa ne da aka yi da fensir da gawayi, har tamojin fuskarta da gumin goshinta ana gani. Ya daɗe yana girgiza kai, ya ce, "Kai, yaron nan gwani ne, saura kaɗan ta yi magana." Da muka matsa gaba sai ga wani ƙaton zane na 'yan mata biyu zaune kan tabarma, fuskokinsu shuɗi-shuɗi, hannun ɗaya ya saje da zaninta ba a fitar da yatsu ba. Baffa ya yi masa kallo ɗaya ya ce, "Ɗana, wannan bai gama ba," ya wuce.

Da wannan mudu yawancinmu muke awon zane. Idan ya yi kama da mutum kamar an tsaga kara, mai zanen gwani ne, idan bai yi ba, ko dai bai iya ba ko bai gama ba. Shi ya sa a 2018, da wani yaro ɗan shekara 11 ya zana Shugaba Macron na Faransa cikin ɗan lokaci a Legas, labarin ya karaɗe ƙasa. Kama fuska baiwa ce, kuma ana shan wahala kafin a ƙware a kanta. Sai dai wanda ya shiga zauren baje kolin zanen zamani da wannan mudu kaɗai zai fito hannu rabbana, domin masu zanen ba tambayar da suke amsawa ke nan ba.

Tun 1839, da aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Paris, aikin kama fuska ya fara barin hannun mai buroshi. Yau duk mai waya yana yinsa cikin ƙiftawar ido. To me zai sa mutum ya kwashe sati uku yana shafa fenti a ƙyalle don ya samar da abin da kyamara ke bayarwa kyauta? Dole akwai wani abin da yake nema. Wane launi zai ba fata, ina zai juya idon wanda ya zana, me zai cika, me zai bari wayam, wa zai sa a tsakiya kuma yana me. Waɗannan shawarwari su ne zanen. Fuskar ƙofa ce kawai da ake bi a shiga.

A Najeriya an taɓa yin zamanin da kama fuska makami ne. Aina Onabolu, ɗan Ijebu-Ode da aka haifa a 1882, ya koya wa kansa zane lokacin da Turawan mulkin mallaka ke ganin baƙar fata ba zai iya zana mutum yadda yake ba. Ya zana manyan Legas da suturarsu, ya tafi Landan da Paris ya ƙaro ilimi, ya dawo ya yi ta faɗi-tashi har zane ya samu gurbi a makarantu. Shi abin da ke gabansa ya nuna cewa mun iya. Da aka zo 1958 sai wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka ce iyawar ta tabbata, saura mu zana da idonmu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, su ne ake kira 'yan tawayen Zariya. Matan da Grillo ya yi ta zanawa dogaye ne fiye da kima, shuɗi da shunayya sun rufe su daga ɗankwali har ƙafa. Babu mace mai wannan launi a duniya, amma wanda ya san matan Legas zai gane tafiyarsu da riƙon gyalensu nan take. Ashe shuɗin fuskar da Baffa ya gani yana da kakanni, kuma a Zariya suka yi karatu.

A Turai da Amurka kuwa, tsakiyar ƙarni na 20 zanen siffar mutum ya zama kamar tsohon yayi. Waɗanda ake ji da su masu watsa launi ne da layuka ba tare da siffar komai ba, irin su Jackson Pollock da Mark Rothko. Zanen mutum bai mutu ba, amma an tura shi gefe. Dawowarsa da ƙarfi a 'yan shekarun nan, masu zane baƙaƙen fata na Afirka da na ƙetare suna sahun gaba a cikinta, kuma dalilin a fili yake. Ga wanda bai taɓa ganin mai kama da shi a bangon manyan gidajen tarihi ba, sai dai bawa riƙe da tire a bayan uwargijiya, zana mutum ba tsohon yayi ba ne, bashi ne da ba a biya ba.

Baje kolin da ya fi tattara wannan labari wuri guda shi ne wanda aka buɗe a Nuwamban 2022 a gidan zane na Zeitz MOCAA da ke Cape Town, Afirka ta Kudu. Ginin kansa tsohon rumbun hatsi ne na bakin teku da aka fafe cikinsa aka mayar zaure. Sunan baje kolin When We See Us, wato idan mu muka kalli kanmu. An rataye kusan zane 200 na masu zane sama da 150 daga ƙasashe 28, ayyukan shekara 100. Koyo Kouoh, haifaffiyar Douala a Kamaru, ita ta tsara shi tare da Tandazani Dhlakama 'yar Zimbabuwe, daga baya aka kai shi Basel da Brussels. Kouoh ta rasu a Mayun 2025, watanni kaɗan bayan an naɗa ta mace ta farko daga Afirka da za ta jagoranci babban baje kolin Venice. Da masu zanen da aka nuna a can, da wasu sa'o'insu, za mu gwada idonmu.

A fara da fata, don nan ne mai zane ya fi tona cikinsa.

Kerry James Marshall, Ba'amurke da aka haifa a Alabama a 1955, yana zana mutanensa baƙi wuluk, baƙin da babu ɗan Adam mai irinsa. A hoton waya sai ka ce inuwa ce aka yi wa ido da haƙora. Idan ka tsaya gaban zanen sai ka ga baƙin ba ɗaya ba ne. Yana aiki da baƙi iri uku, na kunkunniya da na toyayyen ƙashi da wanda ake samu daga ƙarfe, kowanne da yadda yake shan haske, wani ya karkata shuɗi, wani ya karkata ja. Da su yake fitar da kunci da goshi da karan hanci ba tare da ya nemi taimakon fari ba. Wanda ya taɓa riƙe rawani ɗan Kura da aka yi wa bugu ya san abin da nake nufi: baƙi ne, amma da ka juya shi a rana sai ya yi ta walƙiya kala-kala. Makarantun zane na Turai sun daɗe suna koyar da cewa baƙi na inuwa ne, ba a gina jiki da shi. Marshall ya gina dukan aikinsa a kan ƙaryata wannan.

Amy Sherald ta bi wata hanyar. Duk wanda ta zana, fatarsa ruwan toka ce, kamar a tsofaffin hotunan studiyo marasa kala da ke cikin akwatunan iyayenmu, sannan ta zuba wa tufafi launi mai ƙarfi. Da aka buɗe zanen da ta yi wa Michelle Obama a Washington a Fabrairun 2018, mutane da yawa sun yi ƙorafi cewa bai yi kama da ita ba. Maganar Baffa ce a wani harshen. Amma Sherald ta san abin da take yi. Ta cire launin fata ne don ta rage gudun idon mai kallo, wanda ya saba yanke hukunci daga launi kafin ya ga mutum. Da ruwan tokar ya hana ka wannan gajeriyar hanya, sai ka koma kan tagumin da matar ta yi, da nutsuwar idonta, da rigar da ta bazu ta cike ƙasan zanen kamar dutse.

Amoako Boafo, ɗan Accra da ya yi karatu a Vienna, da yatsunsa yake yin fata. Tufafi da bango yakan shafe su sumul da buroshi, amma fuska da hannu sai ya dangwali fenti ya murza, ruwan ƙasa da shuɗi da ja suna bin juna kamar igiya. Kusa da zanen za ka ga sawun yatsa ɓaro-ɓaro. Wannan ba ya fitowa a waya ko kaɗan, kuma shi ne ran aikin: mutum ne ya taɓa fuskar mutum.

Sai Sungi Mlengeya 'yar Tanzaniya, wadda da Baffa ya ga aikinta da ya rantse ba ta gama ba. Tana zana mata masu duhun fata sanye da fararen kaya a kan farin ƙyalle, ba ta shata inda riga ta ƙare bango ya fara ba. Kai da wuya da hannaye kaɗai ke nan, idonka ne ke ɗinka sauran. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne Baffa ya fi kowa sanin wannan sirri a sana'arsa. Ba ya cike babbar riga da aiki daga wuya har ƙasa. Yana tara aska takwas a ƙirji da aljihu, ya bar sauran yadin fili, kuma filin nan ne ke sa aikin ya fito. Idan almajirinsa ya cike ko'ina, cewa zai yi ya ɓata riga. Ilimin yana hannunsa, bai dai yi zaton yana da amfani a gaban zane ba.

Bayan fata sai tazara. Zane mai kyau yana da fuska biyu, ta nesa da ta kusa, kuma ba wanda ya nuna haka kamar Njideka Akunyili Crosby. An haife ta a Enugu a 1983, 'yar marigayiya Dora Akunyili ce da ta shugabanci NAFDAC, ta tafi Amurka tana shekara 16, yanzu tana zaune a Los Angeles. Daga bakin ƙofa abin da za ka hango falo ne ko ɗakin kwana, mace zaune kan kujera, tebur da kayan shayi, wani lokaci fitilar ƙwai irin ta gidan kakarta. Shiru, ba abin da ke faruwa. Ka taka ka matso taku biyar sai bangon ɗakin ya fashe da fuskoki. Labule da daɓe da rigar matar, har wani lokaci fatar hannunta, duk ƙananan hotuna ne ɗaruruwa: na biki, na mawaƙa, na shugabannin soja, na tallan mujallu, na albam ɗin gidansu.

Yadda take yi shi ne ta buga hoto a takarda, ta kifa shi a kan takardar zanen, ta goga wani sinadari mai narkar da tawada a bayansa, sai tawadar ta tashi ta manne. Hoton yakan fito a juye kuma a koɗe, kamar abin da aka daɗe ba a tuna ba. A wasu ayyukan har atamfar da aka buga da fuskar mahaifiyarta take likawa, irin wadda ake yi don taro ko makoki. Duk wanda ya yi zaman baƙunta a wata ƙasa ya san wannan hali: jiki yana ɗaki a Jidda ko Landan, amma bangon zuciya cike yake da gida. Ba ta rubuta wannan a ƙasan zanen ba. Ta sa ƙafarka ce ta gano shi, domin sai ka yi tafiyar daga nesa zuwa kusa kafin ka gani. Wanda ya tsaya wuri ɗaya ya ɗaga waya ya ɗauka, rabin zanen ya tafi da shi.

Tambayar da muke saurin yi ita ce, "Wane ne wannan?" Gaban aikin Lynette Yiadom-Boakye, wadda aka haifa a Landan a 1977 iyayenta 'yan Gana, tambayar ba ta da amsa. Mutanenta babu su a duniya, daga kanta take ƙirƙiro su. Sau da yawa ba ta sa musu takalmi, don takalmi yana tona zamani da arziki, tufafinsu kuma ba sa nuna ƙasa. Ba za ka iya cewa malami ne ko ɗan kasuwa ba, sai dai ka ce ga mutum yana hutawa, ga wani ya juya baya, ga biyu suna raɗa. A nan ne ya kamata a lura da ido. Wanda aka zana yana kallonka ne, ko ya kau da kai, ko bai ma san kana wurin ba? Kowanne da inda yake ajiye ka. Wanda ya zuba maka ido ya mayar da kai abin kallo, wanda ya kau da kai ya bar ka a bakin zaure kana jiran izini.

Kehinde Wiley, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya fi kowa wasa da tsayuwa. A 2005 ya ɗauki sanannen zanen Napoleon na Faransa kan doki da Jacques-Louis David ya yi, ya sauke Napoleon, ya ɗora wani baƙin saurayi da kayan titi da takalmin Timberland. Wanda ya san hawan sallah ba sai an yi masa bayanin abin da hawa doki ke nufi ba. A zanen da ya yi wa Barack Obama kuma furannin da ke bayansa ba ado ba ne kawai: akwai na Chicago, akwai na Hawaii inda aka haife shi, akwai na Kenya ƙasar mahaifinsa.

Abin da ya fi taɓa ni a baje kolin Cape Town shi ne abin da aka ƙi ratayewa. An kasa zauren gida shida, rayuwar yau da kullum, murna da shagali, hutu, sha'awa, ibada, sai nasara da 'yanci. Ba a ware wa yunwa ko yaƙi ko sarƙar bauta ɗaki ba. Wasu sun ga kamar an rufe ido ne daga wahala. Ni ban ga haka ba. Wahalarmu ba ta rasa masu ɗaukar hoto, ka rubuta sunan arewacin Najeriya a intanet ka ga abin da zai fito. Abin da ba a cika adanawa ba shi ne mutum zaune a teburin mai shayi da hantsi ba abin da ya dame shi, ko uwa tana yi wa 'yarta kitso. Chéri Samba na Kinshasa, da ke cikin waɗanda aka nuna, daga zanen allon talla ya fara, irin masu zana mana kawuna a ƙofar shagon aski da zakuna a bayan manyan motoci. Har yau yana rubuta magana a jikin zanensa yadda ake yi a allon talla.

Akwai maganar da mai karatu Musulmi zai riƙe a ransa, kuma bai dace a tsallake ta ba. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura. Malamai sun yi bayani mai faɗi a kai. A mazhabar Malikiyya an bambanta mutum-mutumi mai inuwa, wanda haramcinsa ya fi ƙarfi, da abin da ke shafe a takarda ko ƙyalle, wanda aka fi kai wa ga karhanci, wasu malaman kuma sun hana duka. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da ya shafi kallo shi ne wannan tarihi ya karkata fasaharmu zuwa zayyana da dagi da zanen soro da ƙwarya da lalle, ya ba mu ido mai karanta ado. Baƙo yakan ɗauki furannin Wiley da bangon Njideka a matsayin baya kawai. Wanda ya tashi yana ganin zanen gidajen Zariya ya san ado magana ne.

Kuɗi kuma sun shigo, sun rikita ido. A Fabrairun 2018 aka sayar da Tutu, zanen Ben Enwonwu ɗan Najeriya, fam miliyan 1.2 a gwanjon Bonhams, bayan an gano shi a wani gida a arewacin Landan. A Mayun shekarar aka sayar da Past Times na Marshall dala miliyan 21.1, zanen da wata hukuma a Chicago ta saya dala 25,000 a 1997. A Fabrairun 2020 wani zanen Boafo da aka yi wa ƙiyasin fam 30,000 zuwa 50,000 ya tashi a fam 675,000. Galibin kuɗin gwanjo aljihun mai sayarwa suke shiga, ba na mai zane ba. Abin da ya biyo baya ya dame ni: samari masu baiwa daga Legas zuwa Accra suka ga abin da kasuwa ke so, sai aka cika da baƙar fuska, riga mai haske, furanni a baya, an aro kwanon ba a aro tuwon ba. Hanyar rarrabewa ita ce a tambayi kowace shawara dalilinta. Baƙin Marshall yana da dalili, farin Mlengeya yana da dalili. Idan ka cire furannin wani zane ka ga babu abin da ya ragu, yayi ne kawai aka bi. Jan ɗigon da ake mannawa gefen zane alama ce an saya, ba shaidar kyau ba.

Wani bincike da aka yi a gidan tarihi na Metropolitan a New York, aka buga a 2001, ya gano cewa matsakaicin tsayuwar mai kallo gaban zane daƙiƙa 27 ne. Ko gaisuwar kirki ba ta ƙarewa a haka. Gara ka zaga zauren sau ɗaya, ka zaɓi zane uku, ka koma ka ba kowanne minti biyar. Ka bar ɗan allon bayanin sai daga baya, don idan ka fara da shi abin da aka gaya maka kaɗai za ka gani. Ka duba daga gefe inda haske ke kwanciya a kan fenti, nan ake ganin inda buroshi ya yi gudu da inda ya tsaya ya yi tunani, da inda aka goge aka sake. Ba a taɓawa, don maiƙon hannu yana ɓata fenti. Ka lura da girma kuma: Past Times ya kusa mita 3 a tsaye, mita 4 a kwance, mutanen cikinsa sanye da fararen kaya suna wasan golf da tuƙa kwale-kwale a bakin tafki, kusan tsawonka ne, alhali a waya girmansa ɗaya da hoton fasfo.

Ba sai an je Cape Town ba. Akwai gidan zane na Nike a Legas da Abuja, akwai Thought Pyramid a Abuja, akwai baje kolin ART X da ake yi a Legas tun 2016, ga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. A ƙananan baje koli mai zanen yakan kasance tsaye a gefe yana sauraron abin da mutane ke cewa. Mai 'yan matan nan biyu na kan tabarma wata ɗaliba ce, na koma na tambaye ta me ya sa ba ta fitar da yatsun ba. Ta ce ta fitar da su har sau biyu tana gogewa, domin duk lokacin da yatsun suka fito ido sai ya sauka kansu, ya bar kafaɗar da ƙanwar ta jingina a jikin yayarta.